A Kwance ko a Tsaye: Yadda Zaman Jiki Ke Sāke Sakamakon Awon Jijiyoyin Jini

Jama'a da yawa a ƙasar nan sun saba da na'urar asibiti da ake kira sikanin, musamman mata masu juna biyu, waɗanda ake duba musu kwanciyar jariri da ita. Amma ba kowa ya san cewa da irin wannan na'ura ake duba jijiyoyin jini ba, a ga faɗinsu, a auna gudun jinin da ke bi ta cikinsu, a kuma gane ko wata ta toshe. A garin Gombe ana yin aikin sikanin a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wanda aka kafa cikin 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, aka kuma ɗaga shi zuwa asibitin koyarwa cikin 2014. Ana yi kuma a Asibitin Ƙwararru na jiha da waɗansu asibitoci masu zaman kansu.

Sau da yawa mutum yakan taso tun da sassafe daga Arawa ko wata unguwa, ya bi layi, ya biya kuɗi, in aka kira shi ya shiga sai ma'aikaci ya ce, "Baba, a ɗan kwanta rigingine, a huta tukuna." Sai ya ga kamar ɓata masa lokaci ake yi. Wani kuma ƙafarsa ce ke ciwo, amma a ce ya miƙe tsaye a kanta. Nufin wannan ɗan littafi shi ne ya bayyana wa jama'a dalilin waɗannan umurni, gama yadda aka ajiye jikin majiyyaci sashe ne na awon kansa. Jijiya guda, ta mutum guda, a rana guda, tana iya ba da amsa biyu dabam, dangane da ko mai ita yana kwance, ko zaune, ko tsaye.

Yadda na'urar ke aiki

Ba wuta na'urar ke sa wa jiki ba, ba kuma irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ba ne. Da sauti take aiki. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da kaɗawarsa ba ta wuce 20,000 ba a daƙiƙa guda. Wanda ake duba jijiya da shi kuwa yakan kaɗa sau miliyan 5 zuwa miliyan 15, saboda haka ba mai jin sa. Ma'aikaci yakan shafa wani mai mai yauƙi a fata, ya ɗora kan na'urar, sautin ya shiga jiki ya bugi nama da jijiya ya komo, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Daga abin da ya komo ne na'urar ke zana hoto a allo.

Auna gudun jini kuwa ya dogara ne a kan wata ƙa'ida da wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana cikin 1842. Kowa ya taɓa lura da ita ko da bai san sunanta ba: in mota ta taho tana busa ƙaho, muryar ƙahon takan yi tsini, da ta wuce sai ta yi kauri. Haka sautin da ya bugi jini mai gudu yake komowa a sāke, gwargwadon saurin jinin da inda ya nufa. Wani masani na Jami'ar Osaka a Japan, Shigeo Satomura, shi ya nuna cikin shekarun 1950 cewa ana iya jin motsin zuciya da gudun jini ta wannan hanya ba tare da an tsaga mutum ba. Shi ya sa har yau likitoci ke kiran wannan awo Dofla.

Jini ruwa ne, ruwa kuwa gangare yake bi

Baligi yana da jini kimanin lita 5. Jijiyoyin da ke ɗauke da shi iri biyu ne. Akwai masu kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, su ne masu kaurin bango, masu bugawa, waɗanda ake taɓawa a wuyan hannu. Akwai kuma masu komo da jini zuciya, su ne korayen nan da ake gani a bayan hannu. Bangonsu siriri ne, sukan buɗe su kuma lotsa kamar salka, kuma wajen kashi biyu cikin uku na jinin jiki a cikinsu yake a kowane lokaci.

Mutanen Gombe, da ake turo musu ruwa daga Dadin Kowa, sun san cewa famfon da ke kwari ya fi na kan tudu ƙarfi, ko da bututu ɗaya ya haɗa su. Haka abin yake a jiki. In mutum yana kwance, kansa da zuciyarsa da ƙafarsa kusan layi ɗaya suke, ƙarfin jini bai bambanta sosai ba. Da ya miƙe, sai nauyin jinin kansa ya shiga lissafi. Duk santimita 10 da gaɓa ta yi ƙasa da zuciya, ƙarfin jini a cikinta yakan ƙaru da maki kusan 8, irin makin da ake karantawa a ma'aunin hawan jini. Saboda haka dogon mutum da ya tsaya cik, ƙarfin jini a idon sawunsa yakan ƙaru da maki 80 zuwa 90. Rabin lita na jini, ko fiye, yakan gangara ya taru a ƙafafu da mara. Jiki kuwa ba ya zuba ido: nan da nan zuciya ta ƙara sauri, ƙananan jijiyoyi su tsuke, don kada jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa. In wannan gyara ya yi jinkiri, shi ne jirin da kan ɗebi mutum in ya zabura daga shimfiɗa.

Mai karatu yana iya jarraba wannan da kansa. Saki hannunka ƙasa na minti guda, ka dubi jijiyoyin bayansa, za ka ga sun cika sun fito. Ɗaga shi sama da kanka, ka ga sun ɓace. Na'ura kuwa abin da ta tarar take nunawa, ba ta san ko hannun a sama yake ko a ƙasa ba.

Awon buɗewar jijiya

Awon da ya fi kowane neman kiyayewa shi ne wanda ake gwada lafiyar bangon jijiya da shi. A cikin kowace jijiya akwai wani tantani siriri da ya shimfiɗe ta. Dā ana tsammani shimfiɗa ce kawai. Cikin 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya gano cewa tantanin nan yana fid da wani sinadari da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Daga baya aka tabbatar naitirik oksaid ne, aka kuma ba shi da waɗansu masana biyu lambar yabo ta Nobel cikin 1998. Muhimmancin abin shi ne, hawan jini da ciwon sukari da shan taba sukan fara lalata aikin tantanin nan shekaru da yawa kafin jijiya ta toshe.

Cikin 1992 wani likita, David Celermajer, da abokan aikinsa a Landan suka bayyana hanyar gwada shi da sikanin. Ana kwantar da mutum rigingine, a miƙe hannunsa gefe a kan matashi daidai da tsayin zuciya, a auna faɗin babbar jijiyar damtse. Sa'an nan a ɗaura robar awon jini a ƙasa da gwiwar hannu, a hura ta har jini ya tsaya, a bar ta minti 5. Da an saki, jini ya kwararo da ƙarfi, ya goge tantanin, jijiya mai lafiya ta buɗe. Na'ura tana kallo, a auna yawan buɗewar.

To, ga inda wahalar take. Faɗin jijiyar damtse bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba. In ta buɗe da kashi 7 cikin 100, alhali faɗinta milimita 4 ne, ƙarin bai kai sulusin milimita guda ba. Abu ne da bai fi kaurin gashi uku ko huɗu ba. In majiyyaci ya ɗan murɗa hannu, ko ya dunƙule yatsu, ko ya ɗaga kai ya leƙa allo, kan na'ura ya goce, awon ya lalace. In hannu ya sauka ƙasa da zuciya ko ya hau sama da ita, ƙarfin da jini ke shiga da shi ya sāke. Ko wurin da aka ɗaura robar ma yana da tasiri, gama in an ɗaura ta a saman damtse buɗewar takan fi yawa, har a zaci mutum ya fi yadda yake lafiya. Saboda haka ƙa'idodin da masana suka tsara sun ce a kwantar da mutum a ɗaki shiru, marar zafi marar sanyi, minti 10 zuwa 15 kafin a fara. Ya zo bai ci abinci ba na awa 6 aƙalla, bai sha taba ko shayi ko kofi ba, bai yi aikin ƙarfi ba. A ƙasarmu dole a ƙara goro a wannan jeri, domin sinadarin da ke hana barci a kofi yana cikin goro, dattawa da yawa kuwa ba su lissafa shi cikin abinci.

Ba zaman lokacin awo kaɗai ke da tasiri ba, har da wanda aka yi kafin a zo. Wani bincike da aka buga cikin 2015 daga Jami'ar Indiyana ta Amurka ya nuna cewa samari masu lafiya da suka zauna awa 3 ba motsi, buɗewar jijiyar cinyarsu ta ragu ƙwarai. Da aka sa su tashi su yi tafiyar minti 5 jefi-jefi, raguwar ba ta faru ba. Wanda ya shigo Gombe a mota daga Biu ko Potiskum ko Yola, an matse shi a kujera, ya kamata ya gaya wa ma'aikaci haka. Darasin kuma bai tsaya a ƙofar asibiti ba: tela da direba da ma'aikacin ofis, duk wanda sana'arsa ta zama ce, jijiyoyin ƙafarsa suna bukatar ya riƙa tashi.

Gaskiya ce wannan awo galibi masu bincike ne ke yin sa, ba kasafai za a rubuta wa majiyyaci shi ba. Amma waɗanda za a ambata yanzu na yau da kullum ne, kuskure a cikinsu kuwa yana iya jawo asarar ƙafa.

Ƙafar mai ciwon sukari

Mai ciwon sukari, ko tsohon mashayin taba, wanda sha-raɓarsa ke ƙullewa in ya yi 'yar tafiya, ko gyambo ya ƙi warkewa a yatsansa, akan so a san ko jini na isa ƙafar. Hanya mai sauƙi ita ce a auna ƙarfin jini a damtse, a auna a idon sawu da ƙaramar na'urar Dofla, a raba na ƙafa da na hannu. In amsar ta faɗa tsakanin 1.0 da 1.4, lafiya. In 0.9 ce ko ƙasa, alama ce jijiya ta ƙuntata.

Lalle ne a yi wannan awo mutum yana kwance sosai, bayan ya huta minti 5 zuwa 10. Ga misali. A ce ƙarfin jini a damtsen wani 130 ne, a idon sawunsa 100. Amsa ita ce 0.77, watau akwai cuta. To, a ce saboda cunkoso, ko rashin gado, ko don majiyyacin ya ce ya fi jin daɗin zama, aka auna shi a kan kujera ƙafa na lilo. Nauyin jini kaɗai zai iya ƙara maki 45 a idon sawu, ya zama 145. Amsa ta koma 1.12. An sallami mutum da takardar lafiya, ya koma gida yana shafa magani a gyambo, alhali ƙafa tana mutuwa a hankali. Binciken likitoci ya nuna cewa awon zaune yakan ɗaga amsar da kimanin 0.35. Ba na'ura ce ta yi ƙarya ba, kujera ce.

Ko awon hawan jini na kullum ma haka ne, ko da yake ba sikanin ba ne. Cikin 2024 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun nuna cewa in hannu yana kan cinya, lambar sama takan ƙaru da maki wajen 4, in yana lilo a gefe kuwa da fiye da 6. Daidai shi ne a jingina baya, a ɗora hannu a tebur daidai da ƙirji.

Inda ake so a tsaya

A jijiyoyin da ke komo da jini, wani lokaci akasin haka ake bukata. Jinin ƙafa hawa yake yi zuwa zuciya, abin da ke taimakonsa kuwa biyu ne: naman sha-raɓa da ke matsa shi sama in ana tafiya, da waɗansu 'yan ƙofofi a cikin jijiya masu buɗewa sama kaɗai. In ƙofofin nan suka lalace, jini ya riƙa zubowa baya, ƙafa ta kumbura da yamma, jijiyoyi su fito su nannaɗe kamar igiya, fata ta yi baƙi a idon sawu, a ƙarshe gyambo ya ɓullo. An fi ganin wannan ga matan da suka yi haihuwa da yawa da masu sana'ar tsayuwa.

In aka duba irin wannan ƙafa mai ita yana kwance, ba abin da zai ja jinin baya, ƙofar da ta lalace tana iya zama kamar mai lafiya. Saboda haka ake tsai da majiyyaci, ya riƙe wani abu, ya ɗora nauyinsa a ɗaya ƙafar, ya saki wadda ake dubawa. Ma'aikaci ya matsa sha-raɓa ya saki, ya duba allo. In jini ya ci gaba da komawa ƙasa fiye da rabin daƙiƙa a jijiyoyin kusa da fata, ƙofar ba ta rufewa. Tsayuwar takan yi tsawo, waɗansu sukan ji jiri ko gumi ya karyo musu. Wanda ya ji haka ya faɗa nan take, kada ya daure don kunya har ya faɗi. Wanda ba ya iya tsayuwa akan ɗaga masa kan gado sosai, ƙafafu su yi ƙasa.

Neman gudan jini kuma dabam ne. In ƙafa guda ta kumbura farat ɗaya tana zafi, bayan haihuwa, ko aikin tiyata, ko doguwar jiyya, ko doguwar tafiya, ana tsoron jini ya daskare a jijiyar ciki, gama gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu ya kashe mutum. Nan akan kwantar da majiyyaci a ɗan ɗaga kan gadon don jijiyoyi su cika, ya tanƙwara gwiwa kaɗan ya juya ta waje. Ma'aikaci ya bi jijiyar daga matsematsi zuwa bayan gwiwa yana dannawa. Mai lafiya takan lotse gaba ɗaya, mai guda ba ta lotsewa. In majiyyaci ya sandare ƙafa ko ya ƙi juya ta, akwai wuraren da ba za a gani ba.

Wuya, da kan yara masu sikila

Wajen duba manyan jijiyoyin wuya, masu kai jini ƙwaƙwalwa, akan kwanta rigingine, a ɗan ɗaga haɓa, a juya fuska kaɗan zuwa ɗaya gefen. Ba a magana, ba a yawan haɗiyar yawu. Juyin ba don ado ba ne: lissafin saurin jini yana ingantuwa ne in kusurwar da ke tsakanin sauti da hanyar jini ba ta wuce digiri 60 ba.

Iyayen yara masu sikila su lura da wannan musamman. Akwai awon Dofla da ake yi ta gefen kai, gaban kunne, ga yara 'yan shekara 2 zuwa 16. In saurin jini a jijiyar ƙwaƙwalwa ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin babban haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai a fara masa rigakafi. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi amfani da wannan awo a Kano wajen zaɓo yaran da aka ba maganin haidiroksiyuriya, aka buga sakamakon cikin 2022. Ana so yaro ya kwanta rigingine, a farke, hankali kwance. In ya yi barci saurin jini yakan hau, in yana kuka yana haki yakan sauka, zazzaɓi ma yana sāke shi. Uwa ta fi kowa iya lallashin ɗanta, saboda haka ta tsaya kusa da shi. In yaron ba shi da lafiya a ranar, a faɗa, ko da za a ɗaga awon zuwa wani mako.

Wanda kwanciya ke cutarwa

Ba kowa ke iya kwanciya rigingine ba. Mace mai ciki, daga mako na 20, in ta daɗe a haka mahaifa takan danne babbar jijiyar da ke komo da jini daga ƙasan jiki. Sai ta ji jiri da tashin zuciya, awon kuma ya sāke. Maganin abin shi ne ta karkata kan gefen hagu, ko a sa mata matashi ƙarƙashin ƙugun dama. Mai ciwon zuciya da numfashi ke sarƙe masa in ya kwanta, da tsoho mai ciwon baya, su ma su faɗa tun kafin a fara. Ma'aikaci yana da dabarar da zai bi, amma wajibi ne ya rubuta a takardar sakamako yadda aka ajiye majiyyaci, don likitan da zai karanta ya yi la'akari da shi.

Sutura ma tana cikin lissafi. Tazuge ko ɗaurin zane mai tsanani, da matsattsen wando, da hannun riga da aka naɗe ya shaƙe damtse, duk suna tare jini. A sa tufafi masu walwala. Awon ƙafa yana bukatar a buɗe har cinya, saboda haka macen da ta fi son mace ta duba ta tana da damar tambaya tun wajen karɓar kati, ko ta shiga da 'yar'uwarta. Wannan ya fi a rufe rabin ƙafa a fito da rabin amsa.

Wanda likita ya ce ya komo bayan wata shida a sāke awo, ya adana takardar farko ya zo da ita. Ya yi ƙoƙari ya zo a irin lokacin da ya zo dā, gama ƙafar da aka duba da safe ba daidai take da wadda ta wuni a kasuwa ba. In ya ga an zaunar da shi alhali wancan karo kwantar da shi aka yi, ko an fara awo yana shigowa yana haki, ya tambaya cikin ladabi, ya nuna tsohuwar takardarsa.